Kafin ka dangwala yatsa a takardar ajiye jininka

Shekara 11 ke nan ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti, kuma rabin aikina gadin firiza ne. Sanyinta digiri 80 ne ƙasa da sifili. A cikinta akwai ƙananan kwalabe da ba su kai tsawon ɗan yatsa ba, kowace da jinin wani bawan Allah. A gefe ga tulun naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, a kan kantoci kuma ga gutsattsarin naman da aka yanko wajen tiyata, an jiƙa su a fomalin an daskarar a cikin kaki. Wannan shi ne rumbun samfura. Daga irinsa masu bincike ke ɗiba su gano dalilin da ya sa sikila ke kwantar da wani yaro duk wata, ɗan'uwansa kuma sai ya yi shekara bai ga gadon asibiti ba.

Ni ina son mutane su riƙa bayarwa. Yawancin binciken ƙwayoyin gado a kan Turawa aka yi shi. Birtaniya kaɗai ta tara samfurin mutum 500,000 tsakanin 2006 da 2010. Shirin H3Africa na binciken ƙwayoyin gado a Afirka ya zo ya kafa rumbuna a Abuja da Kampala da Johannesburg don a rage wannan giɓi. Amma ban ga laifin mai ɗari-ɗari ba. Duk wanda ya san abin da ya faru a Kano a 1996, lokacin annobar sanƙarau, da aka gwada maganin Trovan a kan yara, ya san cewa wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Saboda haka ga abin da nake gaya wa 'yan'uwana idan aka miƙo musu takarda.

Fara da wannan tambayar: jinin nan na maganina ne ko na bincike? Mutane da yawa suna haɗa su. Wata dattijuwa ta taɓa miƙo mini hannu tana cewa, "Ɗan nan, ɗebi ko nawa ne, ni dai in warke." Na ce, "Inna, na magani an riga an ɗiba da safe. Wannan na ajiya ne, ba zai ƙara miki lafiya ba, wataƙila jikokinki ne za su amfana. In kin ce a'a, likita zai duba ki kamar yadda ya saba." Ta yi shiru, ta ce sai ta shawarci ɗanta. Bayan kwana biyu ta dawo ta bayar. Idan aka nuna maka cewa ƙin bayarwa zai taɓa maganinka, tashi ka bar wurin, wannan ya saɓa ƙa'ida.

Kada ka sa hannu a tsaye. Nemi a ba ka takardar da Hausa, ka tafi da ita gida. In ba ka karatun boko, ka zo da wanda ka yarda da shi ya karanta maka, ya zama shaida, kuma kada ya kasance cikin masu binciken. Mace za ta iya shawartar maigidanta, hakan yana da kyau, amma yardar da ake nema tata ce. Yaro kuwa iyaye ke sa masa hannu, sai dai in ya yi wayo shi ma ana tambayarsa.

Wurin da ya fi cancanta ka tsaya shi ne layin da ke faɗin abin da za a yi da samfurin. Wata takardar bincike guda ta ambata. Wata kuma cewa take yi "da duk wani bincike nan gaba", kuma wannan jimla ƙofa ce mai faɗi. A Amurka akwai wata ƙaramar ƙabila, Havasupai, a jihar Arizona. Wajen 1990 suka ba masu binciken jami'ar jihar jini don a binciki ciwon suga da ya addabe su. Daga baya suka gano an yi amfani da shi wajen nazarin taɓin hankali da asalin kakanninsu, abin da ya ci karo da tarihin da suka gada. Sai a 2010 jami'ar jihar ta biya su dala 700,000 ta kuma mayar musu da jininsu. Don haka ka tambaya ko akwai zaɓi. Takarda mai kyau tana da gurabe daban-daban: na yarda da wannan bincike, na yarda ko ban yarda a ajiye ba, na yarda ko ban yarda a fitar ƙasar waje ba. Kana iya amincewa da ɗaya ka ƙi sauran.

Sai maganar suna. A wurinmu kwalba ba ta ɗauke da suna, lamba ce kawai, littafin da ya haɗa lamba da suna kuma yana kulle a wani ofishin. Tambayi wa ke riƙe da makullin. Amma kada wani ya rantse maka cewa asiri ba zai taɓa tonuwa ba, domin ƙwayoyin gado su kansu shaida ne, kuma naka suna ba da labarin 'ya'yanka da ƙannenka. Henrietta Lacks, baƙar fata ce da ta je asibitin Johns Hopkins a Baltimore a 1951 da ciwon dajin bakin mahaifa. Aka yanki naman ba tare da an tambaye ta ba. Ta rasu a shekarar tana da 31, ƙwayoyin nata kuwa har yau suna hayayyafa a ɗakunan bincike, da su aka gwada rigakafin shan inna. Iyalinta sai bayan shekara 20 da ɗoriya suka sani. A 2013 ma aka wallafa bayanan gadonta ba a shawarce su ba.

Idan za a kai samfurin waje, dole akwai yarjejeniya a rubuce tsakanin cibiyoyin biyu. Ka kuma nemi lambar amincewar kwamitin ɗa'a. A Najeriya kowane bincike a kan mutane sai irin wannan kwamiti ya tantance shi, a ƙarƙashin kwamitin ƙasa, NHREC. Lambar wayarsu ya kamata ta kasance a jikin takardar. Ka riƙe kwafinka.

Kuɗin da za a ba ka na mota ne da ɓata lokaci, ba cinikin jini aka yi ba. In an samo magani daga binciken, galibi ba ka da kaso, gara ka sani tun yanzu. Sakamako ma ba kasafai ake dawo da shi ba, sai ka tambaya: in kun ga wata cuta mai hatsari a jinina, za ku neme ni?

Kana da ikon janyewa ko bayan shekara biyar. Za a lalata abin da ya rage a firiza, amma wanda aka riga aka yi aiki da shi ya tafi. In naman jiki ne kuma zuciyarka ta fi natsuwa da a binne ragowar, faɗi tun farko a rubuta, ka kuma tambayi malaminka.

Akwai tambaya ɗaya da ba wanda ya taɓa yi mini, alhali ita zan fara yi: in an ɗauke wuta fa? Wani dare cikin zafin bazara mai gadi ya kira ni ƙarfe biyu, ƙararrawar firiza tana ta ihu, janareta ya ƙi tashi. Na iso ma'auni ya hau zuwa digiri 62 ƙasa da sifili. Da fitilar waya a baki muka kwashe akwatuna zuwa ɗaya firizar da ke kan batir, yatsuna sun yi kwana uku suna raɗaɗi. Akwati biyu ba mu kai gare su da wuri ba, muka rubuta su a matsayin waɗanda ba a yarda da ingancinsu ba. Mutum 162 ne suka miƙa hannu aka tsira musu allura saboda akwatunan nan. Tun daga ranar, duk wanda ya ce yana son ganin inda za a ajiye jininsa, nakan kai shi har bakin ƙofa in nuna masa firizar, da batir ɗin, da takardar da muke rubuta sanyi safe da yamma.