Kurakuran da ke zubar da sunan dillalin gidaje da filaye a intanet, da yadda ake gyara su

Zariya gari ne na baƙi. Tun da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 garin bai daina karɓar sababbin fuskoki ba: ɗalibai da malamai a Samaru da Kongo, likitoci da ma'aikatan jinya a asibitin koyarwa na Shika, masu koyon tuƙin jirgin sama, sojoji, 'yan hidimar ƙasa, ga kuma 'yan asalin garin da ke zaune a Abuja ko Legas ko ƙasashen waje suna son su mallaki fuloti a gida. Bazazzagin da ya tashi a cikin ganuwa, idan yana son sanin halin dillali, sai ya tambayi mai unguwa ko limamin masallaci ko 'yan majalisar ƙofar gida. Baƙo ba shi da waɗannan. Wayarsa yake ɗauka, ya rubuta sunanka a Facebook ko Google, ko ya jefa tambaya a zauren WhatsApp na 'yan ajinsu: “Wa ya san wannan dillalin?” Amsar da ya samu a nan ita ke sa ya kira ka ko ya wuce, kai kuma ba ka ma san an yi zancenka ba.

Abin da ke damuna shi ne, da yawa daga cikin dillalan da sunansu ya ɓaci a intanet ba macuta ba ne. Mutanen kirki ne masu neman halaliyarsu, sakaci da ƙananan abubuwa ne ya ja musu.

Hoton da bai yi kama da gidan ba

Wannan ne ya fi yawa. Wani ya ɗauki hoton gida tun yana sabon fenti, shekaru sun wuce yana ta tallata shi da wannan hoton. Wani ya kwaso hoton wani gida daban daga intanet, wai ai “tsarinsu ɗaya”. Wani kuma gidan an riga an kama shi, amma ya bar tallan don a kira shi ya karkata mutum zuwa wani gidan. Wanda ya biya kuɗin mota daga Kaduna ko Kano ya zo ya tarar da saɓanin abin da ya gani ba zai yi maka faɗa a nan ba, zai ce “to, zan yi shawara”. A waya zai yi faɗan, a gaban mutanen da ba ka sani ba.

Gyaran ba shi da wuya. Ka ɗauki bidiyo da rana, ka faro daga bakin titi, a ga layin da ƙofar gida da banɗaki da kicin da rufin ɗaki, ka faɗi ranar da ka ɗauka da bakinka. Da zarar an kama gida, ka sauke tallan ko ka rubuta a kansa cewa an kama.

Haka batun kwatance. “Kusa da ABU” ba kwatance ba ne a Zariya. Ɗalibin shari'a a Kongo yake karatu, na aikin gona ko injiniya a Samaru, wanda ya shiga ajin asibiti kuma Shika ya nufa, kuma tsakaninsu tafiya ce ta kuɗin mota kullum. Ka kira unguwar da sunanta: Hayin Dogo ce, ko Palladan, ko Hanwa, ko Gyallesu, ko Tudun Jukun. Ka kuma faɗi aibin wurin kafin a gano shi. Idan layin yana cika da ruwa a watan Agusta, ka faɗa. Idan rijiyar gidan tana ƙafewa da bazara, ka faɗa. Idan akwai tsohon bashin wuta, ko mutum biyar ne a kan mita ɗaya, ka faɗa. Za ka rasa wasu masu nema, wannan gaskiya ne. Amma wanda ya shiga da saninsa ba ya fitowa ya ce an yaudare shi.

“Ka zo inbox”

Ɓoye farashi al'ada ce da ta biyo mu daga kasuwa, inda ake duban mutum kafin a yanka masa kuɗi. A intanet zargi take haifarwa, domin masu tambaya suna haɗuwa su gwama abin da aka gaya wa kowannensu. Ranar da biyu suka gano an ba su farashi daban a kan ɗaki ɗaya, ranar ce za ka ga hoton hirarku yana yawo.

La'ada ta fi farashin ma jawo rigima. Babu laifi a cikinta, haƙƙin wahalarka ce, kuma babu wanda ya isa ya hana ka. Matsalar tana zuwa ne idan ba a ambace ta ba sai mutum ya riga ya biya kuɗin haya, sannan a ce saura la'ada, saura kuɗin takardar yarjejeniya, saura kuɗin ajiya na gyara, kuma ashe dillalai uku ne a layi kowa yana jiran rabonsa. Ka rubuta duka tun a tallan, ko a saƙon farko: na mai gida kaza, la'ada kaza, na zuwa ganin gida kaza idan kana karɓa, da kuma ko kafin alƙalami yana dawowa idan ciniki bai faɗa ba. Duk abin da ka karɓa ka ba da rasit mai ɗauke da sunan da aka san ka da shi.

Ka kuma tsaya a kan suna ɗaya. Shafinka wani suna, WhatsApp wani, asusun bankin da ka tura kuma sunan ƙaninka ne ko na mai POS. Ko da zuciyarka fes take, haka 'yan damfara suke yi, kuma baƙo ba shi da hanyar bambance ku. Yin rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC da buɗe asusu da wannan sunan yana kashe rabin wannan zargin.

Tallata filin da ba ka ga takardunsa ba

A nan ne suna yake mutuwa gaba ɗaya. Rigimar haya takan wuce a wata ɗaya ko biyu, amma mutumin da ya zuba tarin shekarunsa a fulotin da daga baya aka ce na gado ne, ko an riga an sayar wa wani, ko yana cikin filin hukuma, ba ya mantawa, kuma ba ya yin shiru. Hausawa suka ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Wanda ya sayar ya karɓi kuɗinsa ya ɓace, sunanka da hotonka da lambarka ne suka rage a kan tallan.

Kuskuren shi ne dillali ya rubuta “takardu complete” alhali abin da ya gani bai wuce takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa da shaidu ba. Wannan takarda tana da amfaninta, amma ba ita ce takardar shaidar mallaka ta gwamnati ba, wadda aka fi sani da C of O. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana, kuma ta ce sai da amincewarsa ake mayar da haƙƙin mallakar da gwamnati ta bayar zuwa hannun wani. A Jihar Kaduna, hukumar KADGIS ce ke riƙe da bayanan filaye, KASUPDA kuma ke ba da izinin gini. Mutanen Zariya ba su manta da rusau ɗin unguwar Graceland na 2021 ba, wanda ya samo asali daga taƙaddamar fili da kwalejin koyon tuƙin jiragen sama. Tun daga lokacin mai saye ya ƙara buɗe ido, kuma yana da gaskiya.

Saboda haka ka rubuta ainihin abin da ka gani, ba ƙari. Idan takardar mai unguwa ce kawai, ka ce ita ce. Idan gado ne, ka tambaya ko an raba, ko duk magada sun yarda, har da mata da waɗanda ba sa gari, domin sau da yawa daga wajensu ƙarar take tasowa. Ka ƙarfafa wa mai saye ya kai lambar fayil a bincika masa a KADGIS, ya kuma nemi lauya da mai awon fili nasa na kansa. Dillalin da ke cewa “ranka ya daɗe, kada ka biya sai ka bincika” shi ne ake tura wa 'yan'uwa. Wanda ke cewa “yau kawai, akwai wani Alhaji da zai biya gobe” kuwa, ko gaskiya ya faɗa, an riga an ɗarsa masa alamar tambaya.

Yadda ake amsa ƙorafi

Ko ka kiyaye duk waɗannan, wata rana sai wani ya rubuta abin da ba ka so. Abu uku dillalai suka saba yi, kuma dukansu ɓarna ce: su goge maganar su toshe mai ita, ko su mayar da zagi, ko su turo yaransu su yi masa ca. Gogewa ba ta aiki, domin kafin ka goge an ɗauki hotonta. A Google ma mai kasuwanci ba shi da ikon goge sharhin da aka yi masa. Iyakarsa ya kai rahoton wanda ya saɓa ƙa'ida, ko ya ba da amsa. Zagi kuwa ya fi ƙorafin illa. Masu karatu ba su san wa ke da gaskiya ba, amma suna ganin wa ke da ladabi, kuma kowannensu yana auna yadda za ka yi da shi ranar da tasa matsalar ta taso.

Kada ka amsa da zafin rai. Ka bari ka huce, amma kada ka kwana biyu ba ka ce komai ba, don shiru ma ana fassara shi. Ka amsa a fili sau ɗaya, a taƙaice, kamar haka: “Hajiya, Allah ya huci zuciyarki. Gaskiya ne famfon bai yi aiki ba lokacin da kika tare, kuma ya kamata a ce an gyara kafin nan. Na yi magana da mai gidan, mai gyara zai zo ranar Asabar in sha Allah. Zan kira ki yanzu.” Sai ka kira ɗin, kuma mai gyaran ya zo. Idan an gama, ka roƙe ta cikin girmamawa ta koma ƙarƙashin maganarta ta ce an warware. Irin wannan ya fi yabo goma amfani, domin ya nuna wa jama'a halinka a lokacin da abu ya lalace.

Idan kuwa ƙazafi ne tsagwaronsa, ka faɗi abin da ya faru ba tare da cin mutunci ba, ka adana rasit da saƙonni, ka nemi manya su shiga tsakani. In abin ya ƙi, kotu tana nan. Abin da ban yarda da shi ba shi ne gaggawar kai mai ƙorafi ofishin 'yan sanda don a tsorata shi. Ko ya janye maganarsa, labarin kamun zai fi ƙorafin yaɗuwa, kuma ɗalibai musamman ba sa yafe wannan.

Kada kuma garin kare kanka ka watsa hoton katin shaidarsa, ko takardar yarjejeniyarsa, ko ka tona cewa ana bin sa bashin haya. Amana ce aka ba ka, kuma tun 2023 Nijeriya tana da dokar kare bayanan mutane. Ko hoton murnar miƙa makulli, sai ka nemi izini kafin ka saka. Ba kowa ke son duniya ta san ya sayi gida ba, balle a wannan yanayi na tsaro.

Yabon haya

Akwai masu buɗe shafukan bogi su yabi kansu, ko su sa abokai su rubuta “dillali mai amana” alhali ba su taɓa ciniki da shi ba. Ana ganewa: kalmomi iri ɗaya, a rana ɗaya, daga shafukan da ba su da tarihi. Google yana cire irin wannan idan ya gano. Ni a wajena ma ɗan'uwan najashi ne, wato mutum ya taya kaya ba don zai saya ba sai don a ruɗi mai saye, abin da Manzon Allah (SAW) ya hana. Ka nemi shaida daga wanda ka yi wa aiki da gaske, bayan ya zauna a gidan ya ga damina ko bazara. Layi biyu da ya ambaci unguwa da abin da ka yi masa sun wadatar.

Ka raba shafin sana'a da na hirar siyasa da musun ƙwallo. Masu neman gida a Sabon Gari da Wusasa da Samaru sun haɗa kowace ƙabila da addini, kuma suna karanta abin da ka rubuta bara. Ka kuma kulle WhatsApp ɗinka da matakin tsaro na biyu, kada ka taɓa karanta wa kowa lambobi shida da aka turo maka, ko ya ce daga ƙungiyar dillalai yake. Idan aka ƙwace lambar dillali, abokan cinikinsa ake bi ana karɓar kafin alƙalami da sunansa. In hakan ta faru, ka sanar a duk inda kake da murya a ranar, ka kira waɗanda kuke tsakiyar ciniki da su ɗaya bayan ɗaya.

Saura wanda sunansa ya riga ya ɓaci, kuma ya san da laifinsa a ciki. Abin da aka saba shi ne a rufe shafi, a canza layi, a dawo da sabon suna. A Zariya wannan ba ya ɗorewa. Fuskarka ɗaya ce, kuma tsakanin Kwangila da PZ sai ka haɗu da wanda ya san ka. Ka zauna ka rubuta sunayen waɗanda ke bin ka haƙƙi, ka fara da wanda ya fi ƙaramin ƙarfi, ɗalibin da ka riƙe wa kuɗin ɗaki ko bazawarar da ta ba ka kafin alƙalami. Ka je da mutum ɗaya da suke ganin girmansa, ka biya abin da za ka iya, sauran a rubuta ranar biya a sa hannu. Kada ka roƙi kowa ya goge abin da ya rubuta a kanka sai ka cika biyan, kuma ko a lokacin, ka bar masa zaɓi: ya goge, ko ya ƙara a ƙasa cewa an biya shi.