Yadda Ake Gane Maɗaba'ar da Ta Buga Tsohon Kan Sarki da Dillalan da Ya Bi Ta Hannunsu

Yawancin waɗanda suka fara tara kan sarki na ƙarni na 19, da zarar wani tsoho ya shigo hannunsu, sai su garzaya kundin farashi, su nemo hoton da ya yi kama da shi, su duba kuɗin da aka rubuta a gefe, shi ke nan sun yanke hukunci. Na ga mutane da dama sun yi asara ta wannan hanya, kuma ni ma ta nan na fara. A wurina farashi shi ne tambaya ta ƙarshe. Abin da ya kamata a fara sani shi ne maɗaba'ar da ta buga kan sarkin da irin bugun da ta yi, sannan a bi sawun dillalan da suka yi cinikinsa, domin wasunsu su da kansu suke buga hajar da suke sayarwa.

Matakin farko shi ne a nemo sunan maɗaba'ar. Kundin farashin kan sarki na kamfanin Stanley Gibbons na Ingila yana rubuta shi da ƙananan baƙaƙe a saman kowane jeri, tare da hanyar bugu, amma ba kowa ke tsayawa ya karanta ba. Ba sai an sayi sabon kundi ba, tsohon bugu ya wadatar, tun da tarihin bai canja ba, farashi ne kawai ke hawa da sauka. Ga mai tara na Ingila da ƙasashen da ta mallaka, sunaye biyu ne ginshiƙi. Kamfanin Perkins, Bacon ne ya buga kan sarkin farko a duniya, baƙin nan na kwabo ɗaya mai hoton Sarauniya Victoria, wanda ya fara aiki ranar 6 ga Mayu, 1840, guda 240 a kowane falle. Kamfanin De La Rue ya shigo a 1855, kuma zuwa 1880 ya karɓe har bugun kwabon. Shi ne ya buga kan sarkin Legas na farko a 1874, da na Arewacin Nijeriya a 1900.

Mataki na biyu shi ne wanda nake roƙon mai karatu ya ba shi lokaci, wato gane irin bugun da ido. Hanyoyi uku ne suka fi yawa a wancan zamani. Perkins, Bacon sassaƙa zanen suke yi a jikin farantin ƙarfe, tawada ta cika ramukan, a danna takarda mai danshi a kai, don haka idan ta bushe sai layukan su tsaya tudu-tudu a bisa takardar. De La Rue kuwa sun fi yin bugu daga saman zanen da ya taso, kamar yadda hatimi yake bugawa, shi ya sa tawadar kan ɗan taru a gefen kowane layi, wani lokaci ma har a ga alamar dannawa ta baya. Hanya ta uku ita ce bugun dutse, inda ake ɗora zanen a kan shafaffen dutse. Wannan bugu a kwance yake sumul, ba tudu ba kwari, kuma siraran layuka sukan tsinke ko su cuɗe su zama ɗigo-ɗigo.

Yadda ake dubawa shi ne a kashe fitilar ɗaki, a ɗauki kan sarkin da hantsaki a aza shi a kan baƙin kwali, a kwantar da tocilar waya a gefensa yadda hasken zai bi saman takardar a kaikaice, sannan a duba da gilashi mai ƙara girma sau 10. Idan bugun sassaƙa ne, za a ga kowane layi ya yi 'yar inuwa a bayansa. Idan ba a ga inuwa ba, a juya shi ta wani ɓangaren a sake dubawa kafin a ce komai.

Dalilin da ya sa na nace a nan shi ne abin da ya same ni da kan sarkin nan mai kusurwa uku na Cape of Good Hope, tsohon yankin mulkin mallakar Ingila a Afirka ta Kudu, wanda Perkins, Bacon suka fara bugawa a 1853. Na sayi shuɗi na kwabo huɗu a hannun wani mai sayar da tsofaffin kayan tarihi, na biya abin da ya yi mini nauyi a lokacin, na ajiye shi kusan shekara biyu ina ji da shi. Ranar da na koyi haska shi a kaikaice, sai na tarar fuskarsa a shafe take, kuma saƙar siraran layukan da ke bayan hoton matar da ke zaune duk ta dagule. Bugun dutse ne, irin na 'yan'uwan nan Spiro na birnin Hamburg a Jamus, waɗanda daga 1864 zuwa wajen 1880 suka kwaikwayi kan sarki kimanin iri 500, suna buga su 25 a falle, galibi ba ƙaro a baya, har da hatimin gidan waya na bogi da suka riga suka buga a kai. Tsufan takarda ne ya ruɗe ni, alhali jabun kansa ya haura shekara 140 a duniya. Sai dai a kiyaye, bugun dutse ba shi ne shaidar jabu ba, domin kan sarkin Indiya na 1854 na gaskiya da dutse aka buga shi a Kalkata. Abin da ake nema shi ne saɓani tsakanin abin da kundi ya faɗa da abin da ido ya gani.

Daga nan sai tambarin da ke cikin jikin takarda, wanda ake gani idan an ɗaga ta a haske. Na Cape mai kusurwa uku yana ɗauke da hoton ƙugiyar tsayar da jirgin ruwa, nawa kuwa babu komai. Na Legas ya fara da kambi da haruffan CC, daga 1882 aka koma kambi da CA. Haƙoran gefe kuma ana ƙirga yawansu ne a cikin santimita 2, bisa ma'aunin da Bafaranshen nan Jacques Legrand ya ƙirƙiro a 1866, kuma ma'aunin kwali mai araha ya isa.

Idan kan sarki ya tsallake waɗannan duka, saura tambayar dillali, domin akwai wanda aka buga da farantin asali amma bayan gidan waya ya daina amfani da shi. Jean-Baptiste Moens, dillalin kan sarki na birnin Brussels, wanda ya fitar da kundinsa a 1862, ya mallaki duwatsun bugun kan sarkin garin Bergedorf na Jamus, ya kuma sake bugawa da su. Julius Goldner na Hamburg ya yi haka da na tsibirin Heligoland, har bugun baya ya fi na asali yawa nesa ba kusa ba. Nicholas Seebeck na New York ya ƙulla yarjejeniya da ƙasashen Ecuador, El Salvador, Honduras da Nicaragua, yana buga musu kan sarki kyauta a shekarun 1890, a kan cewa ragowar tasa ce kuma yana da ikon sake bugawa. Ni dai ba na sayen sabon kan sarkin waɗannan wurare da tsada, komai kyansa. 'Yan'uwa Senf na Leipzig su kan buga kalmar da ke nuna kwaikwayo ce a fuskar nasu, amma wasu daga baya sun rufe ta da hatimi mai kauri, saboda haka duk baƙin hatimin da ya zauna daram a wuri ɗaya ya cancanci a duba ƙarƙashinsa.

Kada a jiƙa kan sarkin De La Rue a ruwa don cire takardar baya, musamman kore da shunayya na Ingila na 1883 da 1884, domin da gangan suka yi tawadar mai zuba. A rubuta maɗaba'a da hanyar bugu da fensir a ƙarƙashin kowanne, jabu kuma a ware masa shafinsa a rubuta cewa jabu ne, kada a yar, domin da shi ake gwada na gaba. Wanda kuɗinsa ya yi yawa kuwa, a aika shi ga kwamitin ƙwararru na Royal Philatelic Society a Landan, wanda ke ba da takardar shaida tun 1894, kuma a yi sharaɗi da mai sayarwa tun kafin biya cewa zai karɓi kayansa idan takardar ta ce ba na asali ba ne.