Kafin ka ɗaga kwamfutarka daga Windows 10 zuwa Windows 11

Tun ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya daina bai wa Windows 10 facin tsaro na kyauta. Kwamfutar tana nan tana aikinta kamar kullum, sai dai duk ɓarakar da masu kutse suka gano bayan wannan rana a buɗe za ta zauna, in ban da ga waɗanda suka shiga tsarin ƙarin wa'adi na ESU, shi ma na ɗan lokaci ne. Wannan ya sa mutane da yawa ke ƙaura zuwa Windows 11, kuma bakinsu ya rabu. Wani zai ce cikin awa guda komai ya kammala. Wani kuwa firinta ta daina amsawa, sauti ya ɗauke, ko ya tarar da shuɗin allo yana neman wani mabuɗi mai lambobi 48 da bai taɓa jin labarinsa ba. In ka bi diddigin irin wannan kuka, yawancinsa daga rashin shiri yake fitowa.

Abu na farko, ka san ko injin zai ɗauka. Windows 11 na buƙatar furosesa mai 64-bit, RAM aƙalla 4 GB, wurin ajiya 64 GB, BIOS (manhajar da ke tayar da kwamfuta kafin Windows ya hau) irin na zamani da ake kira UEFI, wanda zai iya Secure Boot, wato tsarin da ke hana mugunyar manhaja tashi tare da kwamfuta, da kuma TPM 2.0, wani sashen tsaro da ke adana mabuɗan sirri. A furosesa, iyakar ita ce zubi na takwas na Intel zuwa sama, ko Ryzen 2000 zuwa sama a ɓangaren AMD. Sauke manhajar PC Health Check ta Microsoft, ita za ta nuna maka ainihin inda ka gaza. Wancan 4 GB ɗin kuwa a takarda ne kawai. Windows zai hau, amma da ka buɗe burauza da shafuka goma ka ƙara da Word, sai jan ƙafa. In da hali a kai shi 8 GB. Haka nan tsohon faifan ajiya mai juyawa: da yawa daga masu cewa Windows 11 nauyi gare shi, a kan irin wannan faifai suka ɗora shi, da SSD ne, wato faifan zamani mai sauri da ba ya juyawa, da ba su yi wannan ƙorafi ba.

TPM shi ya fi ruɗa mutane, har wasu suka sayi sabuwar kwamfuta ba gaira ba dalili. Sau da yawa yana nan cikin furosesa, a kashe kawai yake. Danna maɓallin Windows da R tare, ka rubuta tpm.msc. In ka ga Specification Version 2.0, ka tsallake wannan mataki. In aka ce ba a same shi ba, sake kunna kwamfutar ka shiga BIOS, galibi da F2 ko Del, a injinan HP kuma F10. Kada ka tsaya neman kalmar TPM kaɗai, domin Intel na kiransa PTT, AMD kuma fTPM. Kunna shi, ka adana, ka fita. Akwai wani zaɓi a can mai suna Clear TPM. Kada hannunka ya kai gare shi, yana goge mabuɗan da ke ciki.

Sai batun UEFI, kuma a nan ake yin babbar ɓarna. Rubuta msinfo32 ka duba layin BIOS Mode. In an rubuta UEFI, lafiya lau. In Legacy ne, to faifanka na kan tsohon tsarin MBR, kuma da ka shiga BIOS ka juya zuwa UEFI kai tsaye, kwamfutar ba za ta ƙara ganin Windows ba. Sai an bi tsari, a fara juya faifan daga MBR zuwa tsarin GPT da UEFI ke aiki da shi. Buɗe Command Prompt a matsayin mai gudanarwa (Run as administrator), ka rubuta mbr2gpt /validate /allowFullOS. In ya wuce gwajin, sai ka bi da mbr2gpt /convert /allowFullOS, bayan nan ne za ka shiga BIOS ka mai da shi UEFI. Gwajin yakan faɗi in faifan na da manyan ɓangarori fiye da uku. Kuma juyin ba ya komawa baya cikin sauƙi, shi ya sa ake fara yin kwafin ajiya kafin a taɓa shi.

Kwafin nan ya kasance a wajen kwamfutar, a faifan waje ko a intanet. Kwafe fayil daga C zuwa D a faifai ɗaya bai tsare komai ba, in faifan ya tafi duka biyun sun tafi. Bayan Documents da Pictures da Desktop, ka tuna da abubuwan da ake mantawa: fayil ɗin PST na Outlook, kalmomin sirri da ke cikin burauza, da lambobin lasisin manhajojin da ka saya. Ka buɗe fayil biyu ko uku daga kwafin ka tabbata suna buɗuwa.

Mabuɗin nan mai lambobi 48 na BitLocker ne, wato tsarin Windows na kulle faifai. Laftof da yawa suna zuwa da faifansu a kulle tun daga kamfani, mai ita bai ma sani ba, kuma taɓa TPM ko Secure Boot na iya sa ta nemi mabuɗin kafin ta buɗe. Rubuta manage-bde -status a Command Prompt na mai gudanarwa ka ga ko kullen na aiki. In yana aiki, shiga asusunka na Microsoft daga waya, ka nemo mabuɗin a sashen na'urori, ka rubuta shi a takarda. Sannan ka dakatar da BitLocker kafin ka shiga BIOS. Wanda ya rasa mabuɗin nan, Microsoft ma ba zai iya buɗe masa faifan ba.

Ranar aikin, ka tabbata Windows 10 ya gama duk sabuntawarsa, ka bar fili kamar 30 GB a C don samun sarari, ka cire firinta da filashi da duk abin da ke maƙale ta USB in ban da linzami da kibod. Antibairos na wani kamfani da manhajar VPN, a cire su gaba ɗaya, a mayar bayan an gama. Laftof ta zauna a caji. Hanya mafi sauƙi ita ce Windows Update. In bai kawo maka tayin ba, akwai Installation Assistant, ko ka sauke fayil ɗin ISO ka danna setup.exe daga cikin Windows. A nan ka lura da harshe: in Windows ɗinka na Turancin Ingila ne ka sauke na Turancin Amurka, zaɓin riƙe fayiloli da manhajoji zai dushe, ba zai danne ba. Mai Windows 10 na 32-bit kuwa ba shi da wannan zaɓi ko kaɗan, sai ya goge ya girka sabo ta filashi mai aƙalla 8 GB. Lasisi ba abin damuwa ba ne, Home na komawa Home, Pro na komawa Pro, ba a biyan ko sisi.

Kwamfutar za ta kashe kanta ta kunna sau da dama, kuma lissafin kan tsaya cak a lamba ɗaya na tsawon lokaci. Muddin fitilar faifai na ƙiftawa, ƙyale ta. In aikin ya faɗi, Windows kan koma na da da kansa ya bar maka lambar kuskure. 0xC1900101 kusan kullum direba ne, wato manhajar da ke haɗa Windows da wani sashen injin, sai ka sabunta na hoto da na faifai da BIOS daga shafin kamfanin da ya ƙera injin. 0x80070070 ƙarancin fili ne. 0x800F0922 kan nuna ƙaramin ɓangaren tsarin ya cika, ko VPN ya tare hanya. In lambar ba ta gaya maka komai ba, manhajar SetupDiag na karanta bayanan aikin ta fito da mai laifin.

Bayan an hau, kwana 10 gare ka na komawa baya, ta Settings, System, Recovery, Go back. Tsohon tsarin na ajiye a foldar Windows.old, wadda kan ci fili sosai, kuma masu son share datti sukan goge ta a rana ta farko su rufe wa kansu ƙofa. Bar ta. Umarnin DISM /Online /Set-OSUninstallWindow /Value:60, a Command Prompt na mai gudanarwa, na tsawaita wa'adin zuwa kwana 60, in an ba da shi kafin goman su cika. A cikin kwanakin nan gwada firinta, kyamara, makirufo, Bluetooth da duk manhajar da kake cin abinci da ita. Maɓallin Start da ya koma tsakiya, wanda ya fi komai jawo tsaki, ana mai da shi hagu a saitin Taskbar behaviors.

Saura injin da bai cika sharuɗɗa ba. Manhajar Rufus na iya haɗa filashin da zai tsallake binciken TPM da furosesa, kuma yakan yi aiki. Sai dai Microsoft ya faɗa ƙarara cewa bai lamunce wa irin wannan injin sabuntawa ba, kuma daga sigar 24H2 furosesan da ba shi da SSE4.2 ba zai ma tashi ba, ko wace dabara aka yi. Ga kwamfutar da ake harkar kuɗi ko aikin ofis da ita, wannan kasada ce da ba ta biya. In aikinta burauza ne da rubutu da kallon bidiyo, sa Linux Mint, wani tsarin kwamfuta na kyauta da ke maye gurbin Windows, a filashi ka tashe ta daga nan ba tare da ka girka ba, ka ga ko Wi-Fi da sauti da firinta suna aiki kafin ka taɓa faifan.