Yadda Ake Koya wa Yara Tarihin Aikin Mata ta Hanyar Wasan Kwaikwayo

Kuskuren da na fi gani a wurin malamai masu fara wannan abu shi ne su soma da rubuta wasa. Malami ya zauna ya cika shafi huɗu, ya zaɓo shahararriyar mace guda, ya ba yarinyar da ta fi kowa baki ta haddace, sauran yara su jeru a baya suna jiran a tashi. Ranar taro iyaye su tafa, a watse. Bayan mako ɗaya ka tambayi yaran me matar nan take yi da hannunta daga asuba zuwa magariba, ka ji shiru. Suna kawai suka riƙe. Aikin kuwa, wanda dominsa aka shirya darasin, ko kusa da shi ba su je ba. Don haka ajiye biro tukuna. Tsarin da ke ƙasa ya fi dacewa da yara 'yan shekara 8 zuwa 12.

Na farko: zaɓi aiki guda ɗaya

Aiki za ka zaɓa, sunan mutum ya zo daga baya. Niƙa a dutse, ɗibar ruwa, ginin tukwane, ungozomanci, aikin masana'anta, duk suna yi. Amma ni dai kaɗi nake cewa a fara da shi, kuma ban ga wanda ya kai shi ba. Kafin zuwan inji, duk zaren da ke jikin kowace tufa, da bargo, da filafilan jiragen ruwa, sai da ya bi ta yatsun wani, kuma a yawancin ƙasashe yatsun mata ne: a Masar ta dā, a Indiya, a Ingila, a ƙasar Hausa. Masaƙi ɗaya yakan cinye zaren mata da yawa. Yaro ya dubi rigar jikinsa ya gane cewa da a wancan zamani ne, kowane sili nata da hannu aka murza shi, to darasi ya riga ya kama.

Kada ka haɗa ayyuka uku a wasa ɗaya wai don a ga "mata sun yi ƙoƙari". Jerin sunayen sana'o'i ke nan, allo ma ya isa a rubuta shi.

Na biyu: nemo amsar tambayoyi biyar

Yaushe ake fara aikin, yaushe ake tashi? Da wane kaya ake yin sa? Wa ya koya mata? Hannun wa kuɗin ke shiga? Ina ne ke ciwo a jiki idan dare ya yi? In ba ka da amsar waɗannan, ba ka shirya ba. Idan akwai dattijuwar da ta yi aikin ko ta ga ana yi, gayyato ta, ka bar yaran su tambaye ta da kansu: "Kaka, wa ya koya miki?" "Kaka, in zaren ya tsinke dukan ki ake yi?" Abin da za ta faɗa cikin rabin awa ya fi abin da za ka tsinto a intanet kwana da kwanaki, kuma babu abin da za ka kashe sai ɗan abin hasafi.

Idan aikin wata ƙasa ne, nemi labarin da ke da ƙashi. Misali, a watan Yulin 1888 mata da 'yan mata kusan 1,400 masu aikin ashana a kamfanin Bryant & May da ke gabashin Landan sun yi yajin aiki. Ana cire musu tara daga albashi idan sun yi magana, ko sun yar da ashana, ko sun je bayi ba izini. Farin sinadarin fosfaros da ake shafa wa kan ashanar yana ruɓar da muƙamuƙi. Kafin watan ya ƙare kamfanin ya soke tarar. Tambayoyin nan biyar duk suna da amsa a cikin wannan labari.

Na uku: hannu kafin baki

Nan ne ake faɗuwa, nan kuma zan daɗe.

Idan ka ce wa yaro "yi kamar kana ɗauke da tulu", zai ɗaga iska da yatsa biyu ya ɗora a ka, ya ruga da gudu yana dariya. Ba laifinsa ba ne, jikinsa bai san nauyin ba. Kwaikwayon aikin da ba a taɓa yi ba raha yake komawa, kuma wadda ake yi wa dariyar ita ce matar da ka tara su don su girmama. Maganin abu ɗaya ne: su taɓa ainihin aikin tukuna, sannan ka ɗauke kayan su maimaita da hannu wofi. Bokiti rabi da ruwa, kowa ya kai shi ƙarshen fili ya dawo. Bayan nan ka ce a sake ba bokiti. Za ka ga kafaɗa ta karkace da kanta, tafiya ta ragu, hannu ɗaya ya buɗe gefe yana neman daidaito. Ba ka koya musu ko ɗaya daga cikin wannan ba.

Ga kaɗi, samo auduga ɗanya mai angurya a ciki. Audugar kemis ba ta kaɗuwa da kyau, kada ka ɓata kuɗinka. Mazari kuwa ba sai an saya ba: siririn tsinke, a dunƙula ɗan yumɓu a gindinsa, a bar shi ya bushe. Ka ba kowane yaro tafin hannu guda na auduga, su fara cire angurya da yatsu. Nan take ƙorafi zai tashi, sai ka nuna musu yadda ake gurza ta da ƙarfe a kan dutse, su ga dalilin da ya sa aka ƙirƙiro kayan aiki. Daga nan a shiɓe ta ta yi laushi, a ɗora gindin mazari a cikin murfin kwalba don kada ya zame, a ɗan shafa alli a yatsu, a murza.

Zaren zai tsinke. Zai tsinke sau goma. Wata za ta ja da ƙarfi ya rabu, wani zai murza da yawa ya kanannaɗe ya zama ƙulli, wata kuma ta samu tsawon yatsa ɗaya mai kyau ta ɗaga shi sama tana kiran "Malama, duba!" Kada ka karɓa ka gyara musu. Malamai masu tausayi nan suke ɓata darasi, su zagaya suna kaɗa wa kowa don kada ran yaro ya ɓaci. Ɓacin ran nan shi ake nema.

Doka ta farko: minti goma cur ana aiki, ba magana. Sa agogo. Minti uku na farko za a yi ta ƙyalƙyala, ka yi kamar ba ka ji ba. Wajen minti na shida ɗakin yakan yi tsit, sai wani ya ce, "Malam, hannuna ya gaji." Amsarka gajera ce: "Ita sai dare take ajiyewa." Lokaci ya cika, a haɗa zaren ajin gaba ɗaya a auna shi da hannun riga ɗaya. Ba zai kai ko'ina ba.

Doka ta biyu: an hana muryar tsohuwa. Da ka ce "matan dā", yara za su duƙa su riƙe ƙugu su soma rawar murya. Tsayar da su. Masu kaɗi da yawa tun suna ƙanana suka fara, 'yan matan ashanar Landan kuwa da yawansu ba su kai shekara ashirin ba. Ka ce musu, "Sa'arku ce, tsaya daidai."

Doka ta uku: maza ma su yi. Kada a ware su a ba su matsayin sarki da dogari su zauna suna kallo. Ba sai an ɗaura wa yaro zane ko kallabi ba, wannan ma dariya yake jawowa kuma wasu iyayen ba za su so ba. Hannunsa kawai ake bukata. Idan wasan ashana ne, tsinken tsintsiya za a kakkarya a riƙa ƙirgawa cikin kwali. Ashana ta gaske kada ta shigo ajin.

Wannan mataki shi kaɗai ya cancanci darasi biyu. In lokaci ya ƙure maka, rage na gaba, kada ka taɓa wannan.

Na huɗu: shiga wasan da kanka

Wannan dabara Dorothy Heathcote ce ta shahara da ita, malamar wasan kwaikwayo 'yar Ingila da aka haifa a 1926, wadda ita kanta tana 'yar shekara 14 ta shiga aikin masaƙar ulu. Malami ba ya tsayawa gefe yana ba da umarni, matsayi yake ɗauka. Sa hula ko rataya jaka, ka gaya musu in tana jikinka kai mai sayen zare ne, in ka cire ka koma malami.

Suna cikin kaɗi sai ka shigo da matsala: "Daga yau rabin kuɗi zan biya. An yi injin da ke kaɗa zare takwas a lokaci ɗaya." Ba ƙirƙira ba ce, injin da James Hargreaves ya ƙera a Ingila wajen 1764 haka ya fara, kuma cikin 'yan shekarun da suka biyo baya injuna suka raba ɗimbin mata da kaɗin gida. Ka yi shiru ka bar su. Yaran da suka sha wahalar minti goma ba sai an rubuta musu abin faɗa ba. Wata za ta ce ba ta sayarwa, wata ta ce in ba ta sayar ba me za a ci. In hayaniya ta yi yawa, tafa hannu kowa ya tsaya cak yadda yake, ka dafa kafaɗar ɗaya ta faɗi abin da ke ranta cikin jimla guda.

Na biyar: kujerar tambaya

Yanzu ne sunaye ke shigowa. Ɗaya ta zauna a kujera a matsayin wata mace, aji ya yi mata tambayoyi. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta dace ƙwarai, amma na fi so a zaunar da ɗaya daga cikin jajinta. Su ne dattawan matan da ke jagorantar 'Yan Taru, wato mata masu neman ilimi, daga ƙauyuka zuwa wurinta, su haddace waƙoƙinta, ta naɗa musu malfa da jan rawani, su koma su karantar da mata a gida. Tafiyar ƙafa da hadda da koyarwa duk aiki ne, kuma yara sun fi sakin jiki su tambayi jaji, "Inna, wa ke kula da gidanki in kin tafi?" Idan wadda ke kujera ba ta san amsa ba, ta ce ba ta sani ba, a rubuta tambayar a nemo.

Na shida: nunawa

In dole sai an nuna wa iyaye, ɗauki guntaye uku daga abin da yaran suka riga suka yi, ka jera su: aiki, shigowar mai saye, gardama. Minti goma sha biyar ya isa. Ba hayar kaya, ba fentin fuska, ba lasifika. A fara da minti biyu na kaɗi ba magana, ko da masu kallo sun ƙosa.

Washegari raba allo gida biyu. A dama a rubuta abin da ya faru da gaske, da shekararsa da wurinsa. A hagu a rubuta abin da aji ya ƙirƙira, kamar sunayen masu kaɗi da maganganunsu. Yara suna cakuɗa su, in ba a raba ba wani zai rubuta a jarrabawa cewa Hargreaves ya zo kasuwa da jaka a rataye. Zaren da suka kaɗa kuma a manna guntun kowa a littafinsa, a rubuta a ƙasa minti nawa ya ci.