Yadda Ake Shirya Zagayen Maraɗi da Ƙafa Tare da Ɗan Jagora

Wanda ya taɓa shiga Birnin Damagaram ko tsohon garin Agadas, ya ga gine-ginen ƙasa masu ado da dogon hasumiyar masallaci, idan ya sauka Maraɗi yana neman irin wannan zai iya cewa babu abin gani. Dalili kuwa shi ne garin da muke zaune a cikinsa yau ba shi ne tsohon garin ba. Maraɗi ta farko a cikin kwari take, a bakin Gulbi, har zuwa 1945 da ambaliya ta cinye ta, aka kwashe jama'a aka hau tudu, Turawan Faransa suka shata sababbin unguwanni da tituna miƙaƙƙu. Saboda haka tarihin Maraɗi ba a jikin bango yake ba. Yana cikin sunayen unguwanni, da sarautun fada, da bakin dattawa. Wannan ne ya sa duk mai son zagaya garin da ƙafa, ko baƙo ne daga Yamai ko Kano, ko kuma ɗan gari da yake son ƴaƴansa su san inda suka fito, yake bukatar ɗan jagora nasa na kansa fiye da yadda zai bukace shi a wasu garuruwan. Da ɗan gari akan ci gari.

Abu na farko shi ne ka san abin da kake so ka gani tun kafin ka nemi wanda zai kai ka. Mai son labarin sarauta da yaƙe-yaƙe ba hanyarsu ɗaya ba da mai son labarin fatauci da alhazan gari, haka kuma mai sha'awar sana'ar hannu, wato jima da dukanci da ƙira, zai fi daɗewa a wuraren da waɗancan biyun za su wuce ba tare da sun tsaya ba. Amfanin ɗaukar jagora kai kaɗai, ko kai da iyalinka, ke nan: kai ne mai zaɓen hanya, kai ne mai cewa a tsaya ko a wuce. Ka zaɓi jigo ɗaya babba, ka haɗa shi da ƙarami ɗaya, ka bar sauran sai wata rana. Wanda ya ce sai ya haɗa fada da kasuwa da kwari da Tsibiri, garin Sarkin Gobir, duk a safiya ɗaya zai koma masauki da gajiya da hotuna, amma ba zai iya ba da labarin ko ɗaya daga cikinsu ba.

Neman jagoran shi ne aikin da ya fi kowane muhimmanci, kuma a nan ya kamata a yi haƙuri. A Maraɗi hanyar da ta fi inganci ita ce ta bakin mutane: mai masaukinka, ko mai unguwa, ko malamin tarihi na makarantar sakandare, ko ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo waɗanda suka tashi a tsofaffin unguwanni. Wanda ya fi dacewa shi ne mutumin da ake gaishe shi da sunansa a Bagalam da Maradawa da Ƴandaka da Limanci da Ɗan Gulbi, domin ƙofar zauren da za a buɗe masa ba za a buɗe wa baƙo ba, komai yawan karatun baƙon. Kafin ku yi magana a kan kuɗi, ka zauna da shi ka gwada shi da tambayoyi biyu ko uku waɗanda ka riga ka san amsarsu. Ka tambaye shi, alal misali, dalilin da ya sa ake kiran sarkin Maraɗi Sarkin Katsina. Jagoran ƙwarai zai faɗa maka cewa bayan da masu jihadi suka ci Katsina a 1807, gidan sarautar Haɓe ya yi hijira zuwa arewa, kuma wajajen 1819 Ɗan Kasawa ya kafa mulkinsa a nan, zuriyarsa suka ci gaba da riƙe sunan Katsina domin ba su taɓa yarda sun rasa ta ba. Idan ya san wannan, ka ƙara masa da yaƙin Gawakuke, inda a 1836 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karya rundunar Gobirawa da Katsinawan Maraɗi, aka kashe Sarkin Gobir Ali da Sarkin Maraɗi Rauda. Ba jarrabawa ce ta makaranta ba. Abin da kake dubawa shi ne ko mutumin yana bambanta abin da ya tabbata da abin da ya ji a bakin maroƙa, kuma ko yana iya yin shiru a kan abin da ya shige masa duhu maimakon ya ƙaga amsa. A ganina jagoran da yake da amsar kowace tambaya nan take shi ne wanda ya fi cancanta a yi taka-tsantsan da shi.

Idan kun daidaita, sai a yanke maganar lada a fili tun kafin ranar fita. Ku fayyace ko na rabin yini ne ko na yini cur, da wanda zai biya kabu-kabu ko adaidaita idan tafiya ta yi nisa, da kuɗin goron da za a ajiye a wuraren da za a shiga. Ya fi kyau ka ware kuɗin goron daban, cikin ƙananan canji, ka damƙa wa jagoran ya riƙa miƙawa, saboda shi ya san gwargwadon da ya dace da kowane zaure, kuma hannun ɗan gari ba ya jawo tsammani irin wanda hannun baƙo yake jawowa. Baƙon da ya zo daga Nijeriya ya tuna cewa a kasuwa da dala ake lissafi, kowace dala kuwa sefa 5 ce, jika kuma sefa 1000, don haka idan aka ce masa dala ashirin, sefa 100 ake nufi.

Maganar lokaci ba ta bukatar dogon bayani ga wanda ya san ranar Maraɗi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu shi ne lokacin tafiyar ƙafa. A Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40, kuma a irin waɗannan watanni duk abin da ba a gani ba kafin hantsi sai a bar shi sai bayan la'asar. A fita da ƙarfe bakwai na safe, da takalmi mai rufi saboda rairayi da ƙaya, da hula ko mayafi, da ruwa isasshe. Litinin da Juma'a su ne ranakun da babbar kasuwa take cika, amma ranar Juma'a kusan komai yana tsayawa idan lokacin masallaci ya gabato, saboda haka mai son kasuwa ba tare da gaggawa ba ya zaɓi Litinin.

Game da hanyar da za a bi, shawarata ita ce a fara daga dandalin Ɗan Kasawa da ke gaban fada, domin daga nan ne tsarin sabon garin yake bayyana. Jagora ya nuna maka yadda aka dasa tsofaffin unguwannin kwari a kewayen fada da sunayensu na asali, ta yadda mutumin Ƴandaka ya hau tudu amma bai daina zama mutumin Ƴandaka ba. Shiga fada ba abu ne da ake yi kwatsam ba. Jagoran ya je tun kwana ɗaya ko biyu kafin ranar ya sanar da dogarai ko wani bafade cewa yana da baƙi, a ba shi lokaci. Idan aka yi maka iso, ka cire takalmi a inda ka ga ana cirewa, ka durƙusa ka yi gaisuwa da "Ranka ya daɗe" ko "Allah ya ja zamaninka", kada ka miƙa hannu sai an miƙo maka, kuma kada ka ɗaga waya don ɗaukar hoto sai ka nemi izini ta bakin jagora. Ko da sarki bai fito ba, zaman da za ka yi a ƙofar fada ba asara ba ne, domin a nan ake jin bayanin manyan masu sarauta huɗu da suke zaɓen sarki, wato Galadima da Ƙaura da Ƴandaka da Durbi, da matsayin Iya wadda a al'adance take shugabantar mata da ƴan bori, da kuma labarin Ɗan Baskore, sarkin da ya yi sama da shekara 20 yana mulki a tsakiyar ƙarni na 19, wanda hare-harensa suka riƙa kaiwa cikin ƙasar Katsina da ta Kano. Fadawa sukan ba da wannan labari da alfahari, Bakatsine ko Bakano kuma yana da nasa yadda ya ji shi a gida. Baƙo mai hankali yana saurare ne, ba ya jayayya a ƙofar fadar mutane.

Daga fada sai a ratsa unguwanni a gangara yamma zuwa kwari. Wannan gangarowa ita ce zuciyar zagayen, kuma ita ce da yawa suke tsallakewa saboda suna ganin babu komai a can sai lambuna da itatuwan mangwaro. Amma tsayuwa a bakin tudu, ka dubi inda garin yake a da, ka kuma waiwayi inda yake yanzu, tana bayyana abin da dogon jawabi ba zai bayyana ba: me ya sa mutanen da suke gudun mahaya dawaki suka zaɓi kurmin kwari, kuma me ya sa wurin da ya kāre su daga yaƙi bai kāre su daga ruwa ba. Gulbin yana tasowa ne daga wajen Katsina, ya ratso ƙasar Nijar, ya sake komawa Nijeriya ya haɗu da kogin Rima, kuma ba ya gudu sai da damina. Idan jagoranka ya san wani dattijo mai lambu wanda iyayensa suka zauna a tsohon garin, ka roƙe shi ya haɗa ku. Ka gaishe shi da "Baba", ka tambayi gida da aiki da gajiya yadda ya kamata, ka bari shi ya kawo zancen da kansa. Tambayar da ta fi buɗe baki ita ce wadda ta shafi gidansu, kamar a ce, "Baba, ta ina gidanku yake a wancan lokaci?", ba wadda take neman shekara da adadi ba. Da damina kuwa a tambayi halin hanya kafin a gangara, saboda laka da ruwan da yake zuwa ba zato.

Mai sha'awar fatauci zai hau daga kwari ya nufi kasuwa. A nan jagora ya kamata ya ɗaure zancen da gyaɗa, domin ita ce ta mayar da Maraɗi garin ciniki a zamanin mulkin mallaka, lokacin da kamfanonin Turawa irin su CFAO da SCOA suke saye ta hannun dillalan gari, kafin gwamnati ta kafa nata kamfanin cinikin gyaɗa, SONARA, a 1962. Yawancin manyan gidajen kasuwanci na garin daga wannan dillanci suka taso, sannan da fari na shekarun 1970 ya karya noman gyaɗa, suka juya ga cinikin kaya tsakaninsu da Nijeriya ta hanyar Ɗan Isa da Jibiya. A rumfunan dukawa ka nemi a nuna maka fatar jar akuyar Maraɗi, wadda laushinta ya sa sunan garin ya kai ƙasashen waje. Idan za ka yi sayayya, ka gaya wa jagora tun farko cewa kai za ka yi cinikinka, ko kuma ka yarda a fili cewa yana da la'adarsa. Abin da yake ɓata zumunci shi ne a bar maganar a ɓoye. Kada ka ɗauki hoton mace mai sayar da fura ko ƙuli-ƙuli ba tare da ka ce, "Hajiya, kin yarda?" ba, kuma idan ta ƙi, ka yi godiya ka wuce. Barikin soja da ofishin jandarma da wuraren bincike ba a ɗaukar hotonsu ko kaɗan.

Idan da sauran ƙarfi, filin kokowa mai sunan Kantu ya cancanci tsayawa ta ɗan lokaci, domin Yakuba Kantu na Maraɗi shi ne ya fara ɗaukar takobin kokowar ƙasa a Tawa a 1975. Titunan da aka gyara lokacin bikin ranar Jamhuriya da aka kira Maraɗi Kwalliya, na 18 ga Disamba 2015, su ma suna sauƙaƙa komawa masauki da ƙafa.

Tsibiri, fadar Sarkin Gobir da aka kafa bayan Gawakuke, tana da nisan kimanin kilomita 10 a arewa, tafkin Madarumfa da kaburburan waliyyansa kuma suna kudu. Dukansu biyu tafiyar mota ce da take bukatar ranarta daban, kuma sau da yawa jagora daban, domin wanda ya ƙware a labarin Katsinawa ba lallai ne a saurare shi a fadar Gobirawa ba. Kafin a fita bayan gari, musamman ta ɓangaren kudu da yamma inda ƴan bindiga suka addabi wasu ƙauyukan kan iyaka, a tambayi hukuma da mutanen gari halin da hanya take ciki a wannan makon, a tafi da rana a dawo kafin magariba, kuma kowa ya riƙe katin shaidarsa a aljihu. Baƙon da ya zo daga wata ƙasa ya nemi sanin ƙa'idar da ta shafi fitarsa daga cikin gari tun ranar da ya sauka, ya kuma bar lambar wayar jagoran a hannun mai masaukinsa.