Yadda makaranta za ta horar da malamanta don cike giɓin karatun da korona ta bari

A watan Maris na 2020 aka rufe makarantun Jihar Kaduna saboda annobar korona, kuma in ban da 'yan ajin ƙarshe na sakandare da aka mayar a watan Agusta domin jarrabawar WAEC, sauran yara sun shafe wata da watanni a gida. An watsa darussa ta rediyo da talabijin a lokacin kulle, amma waɗanda suka fi cin moriyarsu su ne manyan ɗalibai masu shirin jarrabawa, domin yaron da bai san baƙi da wasali ba, babu abin da rediyo za ta tsinana masa. A watan Disamba na shekarar aka sake rufewa da cutar ta dawo, sannan a 2021 satar ɗalibai ta jawo wani dogon hutun na dole. Yaron da ya shiga aji ɗaya na firamare a 2019 ya rasa mafi yawan lokacin da ake aza harsashin karatu, amma an ci gaba da ciyar da shi gaba aji bayan aji, kuma bisa lissafi a 2025 ya kamata ya shiga ƙaramar sakandare. Giɓin da ya tashi da shi yana nan tare da shi, sai dai malamin da ke fama da giɓin ne yake sauyawa kowace shekara.

Rahoton da Bankin Duniya ya fitar a 2022 tare da UNICEF da UNESCO da wasu hukumomi ya ƙiyasta cewa a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin arziki, yara 'yan shekara 10 da ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su fahimce shi sun ƙaru daga kashi 57 cikin ɗari kafin annobar zuwa kashi 70. A Afirka kudu da Sahara kuwa an ƙiyasta kashi 89, daga kashi 86 a baya, wato annobar ta tarar da ciwo ne ta fama shi. Wannan bayani domin shugabannin makarantu ne da manyan malamai, kuma abin da yake son tabbatarwa guda ne: horon da zai ɗore shi ne wanda malaman makaranta ɗaya suke yi wa junansu kowane mako, a kan yaran da ke gabansu.

A fara da gwaji, kuma a yi shi yaro ɗaya bayan ɗaya, baki da baki. A shirya takarda guda mai ɗauke da haruffa goma, da kalmomi goma masu sauƙi irin su gida da rana da tukunya, da sakin layi mai jimloli huɗu, da ɗan labari wanda bai wuce layi takwas zuwa goma ba. A fara miƙa wa yaro sakin layin. Idan ya karanta ba tare da yawan tuntuɓe ba, a hau da shi zuwa labarin, a yi masa tambaya biyu a kan abin da ya karanta. Idan ya kasa, a sauko da shi zuwa kalmomi, in nan ma ya kasa a sauko zuwa haruffa. A lissafi ma haka: sanin lambobi daga 1 zuwa 9, sannan daga 10 zuwa 99, sannan ɗebewa mai aro, sannan rabawa. Yaro ɗaya ba ya cin fiye da minti biyar, saboda haka malamai uku za su iya gama aji mai yara 80 cikin kwana biyu ba tare da an tsayar da darasi gaba ɗaya ba. Kada a kira shi jarrabawa a gaban yara, kada a riƙe bulala, kada kuma a ba da maki. Abin da ake rubutawa a gaban sunan kowa shi ne matakin da ya tsaya: mafari, harafi, kalma, sakin layi ko labari.

Yana da kyau malamin aji biyar ya gwada 'yan aji huɗu, na aji huɗu kuma ya gwada 'yan aji biyar, domin kowane malami yana da tausayin ɗalibansa, kuma yakan ɗora wa yaro kalmar da ya kusa furtawa. Makarantar sakandare ma kada ta ga kamar wannan aikin firamare ne. A gwada 'yan JSS 1, wato aji ɗaya na ƙaramar sakandare, a makon farko na zangon farko, kafin a ɗora musu darussan kimiyya da ba za su iya karanta littafinsu ba.

Bayan gwaji sai rabo. A ware sa'a guda a rana, ko aƙalla minti 45, inda za a manta da aji a tara yara bisa matakinsu: masu harafi wuri ɗaya ko da daga aji uku zuwa shida suka fito, masu kalma wuri ɗaya, masu labari wuri ɗaya. Wannan shi ne tsarin da ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya ta ɓullo da shi, wanda ake taƙaita sunansa da TaRL, ma'ana koyarwa daidai da matakin yaro. Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka sami kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2019 tare da Michael Kremer, suna cikin masanan da suka yi shekaru suna auna tasirinsa, kuma an riga an yi aiki da shi a wasu jihohin arewacin Nijeriya, ciki har da Borno. Sai dai duk wanda ya zauna a makarantar allo ya san tsarin tun kafin ya ji sunan Indiya. Alaramma ba ya kai yaro farfaru sai ya ƙware a babbaƙu, ba a wanke allo sai an kiyaye abin da ke kai, kuma almajirai ashirin za su zauna a zaure ɗaya kowa da inda karatunsa ya tsaya. Idan shugaban makaranta ya yi wa iyaye da malamai bayani da wannan misali, ba zai sha wahalar gamsar da su ba, har da uban da ransa zai sosu ganin ɗansa na aji shida a cikin masu koyon harafi.

Za a sami malamin da zai ce: "Ranka ya daɗe, manhaja fa? Idan masu duba makarantu suka zo suka tarar ban kai inda tsarin zango ya ce ba, ni za a tuhuma." Maganarsa gaskiya ce, kuma amsarta tana wuyan shugaban makaranta. Shi ne zai rubuta wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, ya haɗa da sakamakon gwajin, ya nemi amincewa a rubuce da wannan sa'a guda, sannan ya liƙa sabon jadawalin a ofis inda kowane baƙo zai gani. Sa'ar farko ta safe ta fi dacewa, in dai yara ba sa yawan makara; inda ake makara, a mayar da ita bayan tara.

Zuciyar aikin ita ce zaman malamai na mako-mako. An saba da taron bita inda ake kwasar malami ɗaya ko biyu daga kowace makaranta a kai su wani zaure na kwana uku, a ba su jaka da alawus da takardar shaida, a ce su koma su koyar da 'yan uwansu. Irin wannan bita tana da amfaninta wajen shigo da sabon abu, amma kafin ilimin ya sauko daga mai horarwa zuwa wakili, daga wakili zuwa malamin aji, ya zama tamkar shayin da aka yi ta ƙara wa ruwa. Abin da ya kamata a kafa shi ne zama na sa'a ɗaya a rana tsayayya, misali Alhamis bayan an tashi yara, wanda ba a ɗage shi don biki ko taron ƙungiya. A zaman ba a karanta takarda, ba a kuma yin jawabi. Malami ɗaya zai tashi ya koyar da darasin minti goma kamar yadda zai yi gobe, sauran su zama ɗalibansa, har wani ya yi kamar yaron da ke rikita b da d, ko wanda ke karanta ƙ kamar k. Daga nan a tattauna abu ɗaya tak da za a gyara. Sannan kowane malami ya kawo sunayen yara biyu da suka maƙale, ya faɗi abin da ya gwada, sauran su ba shi shawara. A rufe da yanke abin da kowa zai gwada kafin mako mai zuwa, a rubuta a littafi guda da aka tanada domin haka, wanda da shi za a buɗe zama na gaba.

Jagorancin zaman ya riƙa zagayawa. Sau da yawa malamar aji ɗaya, wadda ba a cika jin muryarta a taron ma'aikata ba, ita ce ta fi kowa sanin yadda ake haɗa baƙi da wasali su zama gaɓa, kuma malamin lissafi na aji shida mai digiri yana bukatar ya zauna ya koya daga gare ta.

Sai shiga aji domin kallon darasi, kuma a nan ne ake bukatar taka-tsantsan a Kaduna fiye da ko'ina. Malamai ba su manta da gwajin cancanta na 2017 ba, wanda gwamnatin jiha ta ce malaman firamare 21,780 daga cikin kimanin 33,000 sun faɗi, aka kuma sallame su. Ko mene ne ra'ayin mutum game da wancan mataki, ya bar tabo: duk wanda ya shigo aji da biro da takarda, malami yana ganinsa a matsayin mai neman laifi. Saboda haka a raba kallon taimako da kallon hukunci rabuwa ta sarari. Malamin da za a kalla shi zai zaɓi ranar, shi zai faɗi abin da yake so a lura masa da shi, misali ko yana ba 'yan bayan aji damar amsa tambaya. Mai kallo ya zauna minti 20, ya ba shi bayanin su biyu kaɗai a ranar, ya fara da abin da ya yi kyau, kuma takardar da ya rubuta ta zauna a hannun wanda aka kalla, kada ta shiga fayil. Shugaban makaranta ya fara ba da kansa a kalla, domin idan malamai suka ga an gyara wa hedimasta bai ɓata rai ba, sauran aikin ya zo da sauƙi.

Kayan aiki ba sa bukatar jiran kwangila. Kwalin taliya da aka yanka ya isa katin haruffa da gaɓoɓi, murafen kwalba da tsinken tsintsiya da aka ɗaure goma-goma sun isa koyar da gidan ɗaya da gidan goma da aro, kuma malamai za su iya rubuta gajerun labarai da kansu a kan abin da yara suka sani: jirgin ƙasan Rigasa, kasuwar Kawo, gadar kogin Kaduna, noman citta a Kachia. A ware zama ɗaya a wata domin yin waɗannan kaya tare, a ajiye su a akwati mai makulli da sunan makaranta.

Daga waje kuma akwai ƙofofin da ya kamata a ƙwanƙwasa. Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa, NTI, wadda aka kafa a 1976, hedikwatarta tana nan kan hanyar Kaduna zuwa Zariya, kuma karatunta na daga nesa ya dace da malamin da ba zai iya barin aji ba. Akwai Kwalejin Ilimi ta jiha a Gidan Waya, da Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, UBEC, tana ware kuɗin horar da malamai da ke bi ta hannun takwararta ta jiha, SUBEB, shirin PLANE na gwamnatin Birtaniya ya yi aiki kan karatu da lissafi na ƙananan azuzuwa a Kaduna da Kano da Jigawa, Kaduna kuma tana cikin jihohi bakwai na farko na shirin AGILE na Bankin Duniya mai kula da karatun 'yan mata a sakandare. Makarantar da ta je wa waɗannan da alƙaluman gwajinta a hannu ta fi wadda ta je da koke kawai samun kunnen saurare. Haka nan dandalin Nigeria Learning Passport, wanda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF da Microsoft suka ƙaddamar a 2022, kyauta ne, yana da darussa har da na Hausa. Shawarata ita ce a ɗauke shi a matsayin abin da malami zai kalla ya ɗauki dabara, domin waya ɗaya ba za ta koyar da yara 80 ba. A buɗe zauren WhatsApp na malamai, amma a kafa masa doka cewa bidiyon darasi da tambayar aiki kaɗai ake turawa.

Batun harshe kuwa, a gwada yaro a kuma fara ɗora shi da harshen da yake ji. A Tudun Wada ko Zariya wannan Hausa ce. A Kafanchan ko Zonkwa aji ɗaya zai iya haɗa mai Jju da mai Tyap da mai Fulatanci, kuma malaman wurin su suka fi sanin wanda yaran suka yi tarayya a kai. Wanda ya iya haɗa gaɓoɓi da harshen da ya sani ba ya daɗewa kafin ya kama na Turanci.

Duk wannan yana rushewa idan yaro ba ya zuwa. A bi rajista kowace Juma'a, duk wanda ya yi fashin kwana uku a jere a miƙa sunansa ga kwamitin al'umma mai kula da makaranta, wato SBMC, domin mai unguwa ko liman ko wata uwa a kwamitin sun fi malami sanin ko talla ce ta riƙe yarinya, ko aikin gona ne ya ɗauke yaro da damina.

A sake gwajin bayan kowane mako shida, da wata takardar dabam mai nauyi ɗaya don kada yara su haddace ta farko, a matsar da duk wanda ya haye zuwa rukuni na gaba a ranar. A zana allo a ofis mai nuna yawan yaran da ke kowane mataki, ba tare da sunaye ba, a sabunta shi bayan kowane gwaji. Idan zango biyu suka wuce rukunin masu harafi bai ragu ba, a sauya malamin rukunin ko a rage yawan yaran, a kuma duba ko akwai masu matsalar ji ko gani a cikinsu. Tunda sauyin wurin aiki yakan zo ba sanarwa, a tabbatar malamai biyu aƙalla sun iya gudanar da gwajin da jagorantar zaman mako, sannan littafin zaman da takardun gwaji da akwatin kaya su shiga cikin jerin abubuwan da shugaba mai barin gado zai miƙa wa magajinsa, a sa hannu a kansu kamar yadda ake sa wa a kan rajista da kujeru.