Yadda nake lissafin tafiyar jirgi daga Damagaram

Lokacin da gwaggota za ta sauke farali, ta kira ni gidanta a Birni ta ce, "Ɗan nan, awa nawa zan yi a sama?" Tsoron jirgi take ji, amma in ta san iyakar abu hankalinta yakan kwanta. Tun ranar nake yi wa mutane wannan lissafi.

Da farko ka manta da kilomitocin titi. Daga nan zuwa Yamai a mota, ta Tasawa, Maraɗi, Madawa, Ƙonni, Dogon Dutsi da Dosso, kusan kilomita 900 ne, wanda ya taɓa shiga kar da asuba ya san sai dare zai sauka. Jirgi ba ya bin kwana-kwanar hanya. Tsakanin filin jirginmu da na Diori Hamani da ke Yamai, miƙe, wajen kilomita 740 ne. In kana so ka gani da idonka, buɗe Google Maps, danna ka riƙe a kan filin jirgin Zinder, wato Damagaram, zaɓi auna nisa, ka ja zuwa ɗaya filin.

Sai ka tambayi wane irin jirgi ne, don nan mutane ke kuskure. Ƙarami mai farfela, irin wanda ke zirga-zirgar cikin gida, yana cin wajen kilomita 450 zuwa 500 a awa. Babba irin na alhazai yana haura 800. Raba nisan da gudun, ka ƙara rabin awa ta tashi da sauka. Yamai ke nan awa biyu a mai farfela. In zai ya da zango a Maraɗi, ƙara wata awa.

Na gwaggo ya fi tsawo. Daga Yamai zuwa Jidda wajen kilomita 4,000 ne, awa biyar da rabi ke nan. Abin da ke damuna shi ne, daga Damagaram kilomita 3,300 ne kacal. Alhajinmu da ya tashi ta Yamai sai ya yi yamma da tsufansa, sannan jirgi ya juyo da shi gabas. Kuma tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a 2023 jirage ke kauce wa sararinta, don haka ka ƙara lokaci a kan lissafin.

Kula da agogo. Saudiyya ta riga mu da awa biyu, kuma lokacin saukar da ke jikin tikiti nasu ne. Jirgin da ya tashi ƙarfe 10 na safe ya sauka biyar da rabi agogon can, awa biyar da rabi ya yi, ba bakwai da rabi ba.

Hazon hunturu kuwa, daga Disamba zuwa Fabrairu, yana iya hana jirgi sauka nan gaba ɗaya. In kana da wani jirgin da za ka kama a Yamai a waɗannan watanni, ka isa can da kwana guda a hannu.